College Football 25 a PS5: gem ɗin da sai mai benci mai kauri ke cin kofi

Mai PS4 ya riƙe kuɗinsa tukuna. College Football 25, wanda kamfanin EA Sports ya fitar ranar 19 ga Yulin 2024, a kan PS5 da Xbox Series X da S kaɗai yake tashi. Babu na PS4, babu na kwamfuta. Gidajen gem da dama a Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada har yanzu da PS4 suke aiki, don haka a fara duba na'ura kafin a tambayi faifai.

Ƙwallon da ke ciki ba tamaula ba ce. Ƙwallon Amurka ce, mai siffar gwanda, wadda ake bugawa da hular kwano da kafaɗun roba. Mutum sha ɗaya-sha ɗaya ne a fili, kuma masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. A Zariya ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya, tunda an kafa ƙungiyar wannan wasa mai suna Titans a ABU. Gem ɗin na ɗauke da manyan ƙungiyoyin jami'o'in Amurka 134, irin su Alabama da Georgia da Ohio State da Michigan, da ainihin sunayen 'yan wasansu. Kafin shi, rabon da a fitar da irinsa tun 2013, saboda rigimar amfani da kamannin ɗalibai ba tare da biyan su ba. A wannan karon sama da 'yan wasa 11,000 suka amince, aka ba kowanne dala 600 da kwafin gem ɗin.

Hoto ya yi kyau, ihun 'yan kallo da kiɗan badujalar makarantu sun fito raɗau, ba sai an tsaya a nan ba. Abin da ya cancanci kuɗin mutum shi ne ɓangaren da suka kira Dynasty, inda kai ne koci, kana iya riƙe aiki har kaka 30. A can ne ake gane wanda ya fahimci wasan da wanda kawai ya iya danna hannun gem.

Lissafin yana farawa daga 85. Iyakar 'yan wasan da ƙungiya za ta riƙe ke nan. Masu fara wasa 24 ne: sha ɗaya na hari, sha ɗaya na tsaro, da masu bugun ƙafa biyu. Saura 61 suna benci. Ba kamar tamaula ba da canji biyar ne, a nan canji ba shi da iyaka. Sannan kowane ɗalibi kaka huɗu kawai zai buga, gwani kuwa yana iya tafiya gasar ƙwararru ta NFL shekara uku bayan gama sakandare. Ke nan duk shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyarka zai kama gabansa, ko ka so ko ka ƙi.

Rabon gurabe da ke riƙe kaka ba tare da an shiga uku ba kusan haka yake: kwatabak, wato madugu mai jefa ƙwallo, 4, masu ruga da ƙwallo 6, masu cafka na gefe 10, masu cafka na jikin katanga (jerin ƙartin da ke tsayawa a gaba) 5, 'yan katangar hari 16. A tsaro, 'yan katanga 15, 'yan tsakiya 11, masu gadin gefe 8, masu gadin baya 7. Da masu bugun ƙafa biyu ya zama 84, gurbi ɗaya ya rage a cike inda aka ga ɓaraka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara masu cafka sha huɗu don suna da gudu kuma suna burgewa, a bar katangar hari da mutum tara. Katanga mutum biyar take ci a kowane bugu. Biyu su ji rauni, ɗaya ya tafi NFL, sai ka tarar yaro ɗan shekarar farko mai maki 62 ne ke tsare bayan madugunka.

Abin da ya sa benci ya zama dole, ba ado ba, shi ne tsarin da suka sa wa suna Wear & Tear. Gem ɗin yana bin kowace gaɓa daban: kafaɗa, hannu, ƙirji, ƙafa. Duk dukan da ɗan wasa ya sha yana rage makin da ya dogara da wannan gaɓar. Madugun da aka yi ta makawa da ƙasa ta hannun jifa, jifarsa za ta rage ƙarfi da saiti. Mai ruga da aka yi ta sara a ƙafa, gudunsa zai ja baya, haɗarin babban rauni kuma ya ƙaru. Yana ɗan farfaɗowa in ya zauna a gefe, ko a hutun rabin lokaci, ko tsakanin mako da mako, amma in ɓarnar ta yi yawa yana shiga wasa na gaba da ragowarta. Wanda ya saba ba tauraronsa ƙwallo sau 35 a kowane wasa zai ji daɗi a Satumba. Zuwa Nuwamba, lokacin manyan wasannin hamayya, tauraron ya zama gwangwani. Kaka ɗaya wasa 12 ce, ga wasan kofin rukuni, ga gasar ƙarshe ta ƙungiyoyi 12 da ke iya ƙara wasa uku ko huɗu.

Maganinsa ba wuya. A raba ɗaukar ƙwallo tsakanin mutum biyu ko uku, na farko kada ya wuce sau 18 zuwa 20. A shiga saitin canjin kai-tsaye a ɗaga ma'aunin masu ruga da 'yan katangar tsaro, su riƙa fita tun ƙarfinsu yana wajen kashi 80, ba sai sun galabaita ba. Madugu in ya ruga, a koya wa yatsa zamewa ƙasa ko fita layi kafin a cim masa. In an ba da ratar maki 21 a zango na huɗu, wato na ƙarshe, a fitar da manya a zuba yara. Riba biyu ce, domin yaran da wasa suke samun makin girma.

Zawarcin sababbin ɗalibai shi ne inda aka fi ɓata lokaci, kuma ya cancanci a ɓata. Allon zawarci yana ɗaukar suna 35. Kuɗin kasuwar nan awoyi ne: babbar makaranta tana samun awa 1,000 a mako, ƙarama ba ta kai rabin haka ba. A farkon aikin koci ba a zuba wa yaro ɗaya fiye da awa 50 a mako. Leƙa shafinsa na sada zumunta awa 5 ne, tura masa saƙo 10, tuntuɓar iyaye da abokai 25, yi masa taron dangi 50. Binciken iyawarsa awa 10 ne kowane zagaye. Idan yaron ya tantance makarantu suka rage biyar kana ciki, sai a buɗe maka lallashi na awa 20, matsin lamba na awa 40, da gayyatar ziyara ta awa 40, yara huɗu kawai a kowane wasan gida.

Mai awa 400 ya yi lissafi: yara takwas ne zai iya bi da cikakken ƙarfi. In ya watsa awoyin a kan suna 35, kowa ya samu 'yar awa 10, to duk wanda babbar makaranta ta kalla an ƙwace shi. Gara a bincika masu tauraro uku (darajar yara da ta makarantu da taurari ake auna ta, biyar ne ƙololuwa) sosai a makon share fage. Wanda aka ga koren lu'ulu'u a jikin sunansa ya fi darajar da aka ba shi, mai ja kuwa bai kai ba. Bayan mako biyu ko uku a sake duba jerin masu tauraro huɗu waɗanda ba wanda ya yi wa tayin gurbin karatu. Irin waɗannan awa 5 ta tayi da ɗan saƙo kan isa a hau kan gaba a wurinsu.

Matsin lamba yana da tarko. Kowane yaro yana da abubuwa uku da suka dame shi cikin sha huɗu, kamar samun lokacin wasa, kusanci da gida, damar zuwa NFL, darajar karatu, kayan horo. In ka matsa masa da abin da bai dame shi ba, ko da abin da makarantarka ke da maki C a kai, awa 40 ta tafi a banza, wani lokaci ma ka koma baya. Sai an gano ukun nan, kuma makinka a kansu ya kai B ko sama, sannan a canza daga taron dangi zuwa matsin lamba.

Ana iya ɗaukar har 35 a shekara, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Raba 85 gida biyar, 17 ke nan. Tsakanin 17 da 22 ya wadatar, gwargwadon yawan masu tafiya. Wanda ya kwaso 30 zai wuce iyaka, a tilasta masa sallamar wasu, kuma yawanci waɗanda ya riga ya zuba wa horon shekara biyu ne za su tafi.

Me ya sa gida biyar ba huɗu ba? Saboda jar riga, wato shekarar hutun da ake ba ɗan wasa. A dokar gasar, ɗalibi yana da shekara biyar ya buga kaka huɗu, kuma tun 2018 yana iya buga wasa huɗu a shekarar hutunsa ba tare da ta shiga lissafi ba. Gem ɗin ya bi wannan doka. Ɗan katanga na shekarar farko kusan kullum a sa masa jar riga ya fi, ya samu horon ƙarshen kaka ɗaya kyauta. Sai dai a ƙirga wasanninsa da kyau. Yaron da ke can ƙasan jeri yana iya shiga fili cikin rukunin bugun ƙafa ba ka lura ba, wasa na biyar ya cinye masa shekarar.

Girman ɗan wasa ya rataya ne a kan abu biyu. Na farko saurin koyonsa, mataki huɗu: Normal, Impact, Star, Elite. Na biyu rufin da aka yi wa kowane rukunin iyawarsa, wanda ake gani a katinsa kamar 'yan akwatuna masu toka da ba sa cikuwa. Yaro mai maki 68 da Star, rufinsa a buɗe, zai wuce mai 76 da Normal kafin shekara ta uku. Saboda haka jera 'yan wasa bisa babban maki kaɗai, kamar yadda maɓallin jeri na kai-tsaye yake yi, cutar kai ce. In tazarar ɗan shekarar ƙarshe da yaro mai Elite ba ta wuce maki uku ba, a ba yaron fili. A bishiyar ƙwarewar koci, reshen Motivator yana ƙara abin da ake samu a horon ƙarshen kaka, Recruiter kuma yana sauƙaƙa zawarci. Ƙaramar makaranta ta fara da Recruiter, don ba a horar da wanda ba a samu ba.

Inda gem ɗin ya yi wayo shi ne bencin nan da kake tarawa shi ne kuma ke tayar maka da rigima. Kowane ɗan wasa yana da sharaɗi ɗaya da ba ya sassautawa. Wanda nasa lokacin wasa ne, ka kawo masa gwanaye biyu a gurbinsa, ƙarshen kaka zai shiga kasuwar sauya sheƙa. Akwai shafin da ke nuna waɗanda ke cikin haɗarin tafiya, a riƙa leƙa shi duk bayan wasa uku. Madugai huɗu kada su zama sa'o'in juna: ɗaya babba, ɗaya mai bi masa, ɗaya a jar riga, ɗaya sabo.

Aibobinsa ma a wannan fannin suke. Ba a ganin saurin koyon yaro a sarari yayin zawarci, sai ya shigo hannu. Makin girma kuma ɗan wasan ne ke kashe abinsa, koci ba shi da ta cewa, sai ka ga madugun da ke buƙatar saiti ya zuba nasa a wani wuri daban. Canja mutum ɗaya a tsakiyar wasa sai an dakata an bi shafuka. Kasuwar sauya sheƙa ba ta cika kamar ta gaske ba. Iyakar 85 ɗin ita ma tsohuwar ƙa'idar guraben karatu ce, babu ɗaliban da ke shiga ƙungiya da kuɗinsu, alhali tun wata yarjejeniyar kotu ta 2025 iyakar makarantun da suka shiga sabon tsarin ta zama mutum 105. Babu kuma wani darasi na kirki da ke bayyana wa baƙo duk wannan, komai da Turanci ne cike da kalmomin wasan.

Ga mai gidan gem da ke karɓar kuɗi bisa wasa ko awa, wannan ba zai maye gurbin tamaula ba. Ko an sa zango a minti biyar, wasa ɗaya yana cin fiye da rabin awa, Dynasty kuwa aikin makonni ne. Na ɗaki ne, ko na abokai 'yan Kongo da Samaru da za su haɗa gasa ta intanet, wadda ke ɗaukar har mutum 32 amma tana son PlayStation Plus da layi mai tsayawa. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen asusun PlayStation, don haka katin kuɗin da za a saya ya dace da ƙasar da aka buɗe asusun da ita. PS5 tana jan wajen wat 200, in babu inbata ko ƙaramin janareta mai tsayayyar wuta, ɗaukewar NEPA a zango na huɗu tana nufin sake wasan daga farko. Wanda layinsa ke rawa ya buɗe Dynasty na kan na'ura, ba na intanet ba.

An fara sayar da shi a dala 70. Na bayansa, College Football 26, ya fito ranar 10 ga Yulin 2025 da ƙungiyoyi 136, ya ba koci damar raba makin girma da hannunsa, ya kawo canji a tsakiyar wasa ba tare da dakatawa ba, ya kuma faɗaɗa kasuwar sauya sheƙa. Wanda renon 'yan wasa ne ya kawo shi, in tazarar farashin ba ta yi yawa ba, ya ɗauki 26. Wanda ke son gwadawa tukuna ya nemi faifan 25 na hannu, ya sa a saka masa shi a na'ura a shagon ya ga ya tashi, sannan ya fara da makaranta mai tauraro uku, ba Alabama ba.