Tudun Mai Jifa a Gombe: Na Laka Ko Na Katako?

Mai son gina tudun jifa na wasan besbol a Gombe, wato tudun da mai jifa ke tsayawa a kai ya jefa ƙwallo, zaɓi biyu ne gabansa. Ma'auninsu ɗaya: tsayi inci 10, nisa ƙafa 60 da inci 6 zuwa farantin mai bugu (alamar da mai buga ƙwallo da sanda ke tsayawa a gefenta), gangare kuma inci 1 a kowace ƙafa har ƙafa 6.

Na katako kafinta zai haɗa, a ɗauke a ajiye a inuwa, amma ƙafa kan zame a kansa.

Ni dai na laka na fi so. A jiƙa, a daɓe kamar daɓen ɗaki, a ja igiya a duba gangaren. Ruwan Agusta kan zaizaye shi, hunturu ya tsattsaga shi, don haka sai an rufe da leda. Ramin da ƙafar mai jifa ta tona kuwa, kullum da yamma a cike shi da ɗanyar laka.