Sharhi: yawon ganin matattun duwatsun aman wuta a Sao Tome

A Sao Tome, tsibirin da ke cikin tekun Atlantika daura da gaɓar Afirka ta Tsakiya, masu kai baƙi yawo suna da yawa, kuma kusan dukkansu hoto ɗaya suke talla da shi, wato Pico Cao Grande, dutsen nan da ya miƙe sambal daga cikin kurmi. Wani ƙaramin kamfani na bi, wanda ya haɗa mota, direba, ɗan jagora da abincin rana, ya raba tafiyar gida biyu, tsakiyar tsibiri da kudu. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai ba a wurin da hoton ya nuna ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne Lagoa Amelia. Mota tana hawa da kai ta Monte Cafe har lambun tsirrai na Bom Sucesso, daga nan sai sayyada. Da farko gonakin kayan lambu ne, sannan a faɗa dajin Obo, wanda aka keɓe tun 2006. Itatuwa lulluɓe da gansakuka, hazo na shigowa yana fita, ga sanyin da ba ka zata ba a ƙasar da ke kan layin Ikwaita. Bayan hawa mai ɗan wuya sai a gangara cikin wani kwari mai zagaye, sama da mita 1,400 daga matakin teku. Nan ne bakin tsohon dutsen aman wuta. Lagoa na nufin tafki, amma ba za ka ga ruwa ba, ciyawa ta rufe shi ruf. Kana takawa ƙasa tana lotsawa tana rawa. Ɗan jagoran ya soka doguwar gora, ta shige kusan duka ba ta taɓa komai ba. Wata baiwar Allah da muke tare ta ce ita kam daga bakin gaɓa ma tana gani sarai, kuma ban ga laifinta ba.

A nan ne na san mun dace da ɗan jagora. Bai tsaya kan tatsuniyoyi ba. Da sanda ya zana layi a ƙasa, ya jera tsibiran Annobon, Sao Tome, Principe da Bioko, ya haura tudu zuwa Dutsen Kamaru. Duk aman wuta ne ya haife su, a jere ɗaya da masana ke kira Layin Kamaru, mai tsawon kusan kilomita 1,600. Da ya ji daga inda na fito sai ya ƙara wani reshe ya ce ga Biyu. Haka ne kuwa, tudun Biyu na jihar Borno yana cikin dangin. Principe ce babba a shekaru, duwatsunta mafi tsufa sun kai wajen shekara miliyan 30, Sao Tome ƙanwa ce. Tun zuwan Turawan Fotugal wajajen 1470 ba a taɓa ganin wuta ta fito a Sao Tome ba, alhali Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, tafkin Nyos na Kamaru kuma ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 a 1986.

Ya kuma ɗebo ƙasa ya nuna mana. Ruɓewar duwatsun aman wutar ce ta ba tsibirin Sao Tome albarkar da ta sa a farkon shekarun 1900 yake sahun gaba a noman koko a duniya, bisa gumin leburorin da aka kwaso daga Angola, Mozambik da Kef Bad. Bai ɓoye wannan ɓangaren ba, na kuma yaba masa.

Boca do Inferno, kusa da Agua Ize, tsayawar mintuna ce. Igiyar ruwa tana kutsawa ta wani matsatsi a baƙin dutse, ta yi tsiri sama da ƙugi. A yi hoto, a sha ruwan kwakwa, a wuce.

Sai Cao Grande. Tsayinsa mita 663 daga matakin teku, kuma fiye da mita 300 na ciki tsaye suke ƙyam bisa dajin da ke kewaye. Narkakken dutse ne ya sandare a maƙogwaron dutsen aman wuta, ruwan sama ya yi ta cin jikin na waje har ya bar toshiyar ita kaɗai. Wanda ya san Dutsen Wase ya san irin halittar, sai dai wannan ya fi siranta nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce takardar kamfanin ta ce za a kai mu dutsen, ashe nufinsu a tsaya a gefen titi cikin gonakin kwakwar manja a hango shi. Zuwa gindinsa tafiya ce daban, kuɗi daban. Ranar kuma gajimare ya cinye kansa, muka yi ta jira, ya ɗan leƙo ya koma. Gajimare ba laifin kowa ba ne a kudancin da ruwa ba ya gajiya, amma kamata ya yi su faɗi gaskiya tun kafin su karɓi kuɗi, su kuma fita da mutane da sassafe maimakon jera tsaye-tsaye a hanya.

Motar ta tsufa, ramukan hanyar kudu kuma ba su raga mata ba. Abinci lafiya lau: gasasshen kifi da soyayyar ayaba a Sao Joao dos Angolares, don haka mai kiyaye halal ba zai sha wahala ba, in dai ya tambayi abin da ke cikin miya. Kuɗi a hannu suka karɓa, yuro ɗaya dobra 24.5, wato kuɗin ƙasar.

Wanda zai bi su ya nemi ɗan jagoran da yake jin harshen da shi ma yake ji, don yawancin magana a can da Fotugisanci ake yi. Ya sa takalmi mai kama ƙasa saboda santsi, ya kuma sa a rubuta masa ko gindin Cao Grande za a je ko gefen titi.