Garin bitamin na kaji a wajen 'ya'yan zabi: abin da ya yi da abin da bai yi ba

Duk mai kiwon zabi ya san makonnin farko ne ke cinye jari. Ƙwan yakan kwana 26 zuwa 28 a ƙarƙashin kaza, ya fashe a tsakiyar damina, raɓa da sanyi su fara ɗauke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Bana na gwada garin bitamin ɗin nan mai ƙaramar leda da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, wanda ake kaɗawa a ruwan sha.

Ruwan yakan koma ruwan ɗorawa, launin bitamin B2 ke nan, kuma rashinsa ne ke sa yatsun tsako su nannaɗe ya dinga tafiya a kan gwiwa. A nan garin ya burge ni. Waɗanda nake ba ruwan sun miƙe da ƙafafu masu ƙarfi, gashinsu ya kwanta, ba irin zaman takure ɗin nan da fukafukai a zube ba. Sai dai hasken rana na lalata B2, don haka a inuwa nake ajiye kaskon, kullum da safe in zubar da na jiya in dama sabo. Ina zuba tsakuwa a ciki, domin ɗan zabo kan nutse a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba.

Mai shagon ya ce min yana sa girma. A nan muka rabu. Ɗan zabo na son abinci mai furotin kashi 24 zuwa 26 cikin ɗari, sama da abin da ke cikin abincin farko na kajin gidan gona. Ka ba shi tsakin dawa da dusa kaɗai, ko leda goma ka juye masa ba zai yi nauyi ba. Nawa sun fara cika hannu ne da na koma haƙo musu gara da asuba, ina haɗawa da garin waken suya da aka soya.

Abin da ya ɓata min rai, babu cokalin awo a ciki, rubutun ma'aunin kuma na lita ɗari-ɗari ne, kamar kowa gonar kaji gare shi. Da an buɗe ledar a damina, garin sai ya dunƙule. A kuma karanta bayanta kafin a biya: wasu an gauraya su da oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba na sha kullum ba.

Zan sake saya, amma ƙaramar leda, ta makonni biyun farko kawai.