Jarumin Zazzau ta gobe: gidan ubansa ko sahun 'yan tawaye?

Mai rubuta ƙagaggen labarin kimiyya a Zariya yakan zo wata mararraba. Ya gina Zazzau ta shekara 300 nan gaba: ganuwa ta koma ƙarfe, mutum-mutumi na gadin Ƙofar Doka, azzalumai sun tare ruwan kogin Galma suna sayar wa talaka. Jaruminsa soja ne, mahaifinsa kuma shi ne shugaban masu gadin. Wane ɓangare zai bi?

Idan ya tsaya da gida, labarin yana samun nauyin da Bahaushe ya sani. Albarkar iyaye ba abin wasa ba ce. Mai karatu zai ji ciwo sa'ad da jarumin ya durƙusa ya ce "To, Baba," alhali da safe ya ga yarinya a Tudun Wada riƙe da jarka ko ɗigo babu. Illar ita ce labarin kan yi sanyi, jarumi ya zama ɗan kallo, ana zalunci yana haɗiye magana.

Tawaye ya fi armashi, ga gumurzu ga gudu cikin lungunan birni. Sai dai marubuta da yawa kan mai da uban mugu tsantsa, don ɗan ya fice ba hawaye, kuma wannan cutar da mai karatu ne.

Ni tawayen na fi so, amma da sharaɗi. A bar uban ya zama mutumin kirki, wanda tsoron yunwar iyalinsa ya ɗaure, uwar kuma tana aika wa ɗanta fura a ɓoye ta hannun ƙanwarsa. Ranar da uba da ɗa suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, kowa da makami, mai karatu ya rasa wanda zai goya wa baya.