Intanet ɗin kebul ya ɗauke wa kwamfutarka? Ga abin dubawa kafin ka nufi Ikeja

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Agege, mai sauke kayan gwari a Mile 12, ya aiko ɗansa ya kira ni. Kwamfutar teburin da yake lissafin kaya da ita ta daina shiga intanet, alhali wayoyin hannu na gidan duk suna kan Wi-Fi lafiya lau. Kafin in iso har ya sayo sabuwar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, tana cikin kwalinta. Ya ce, "Malam, haɗa mini ita kawai." Na ce, "Alhaji, bari mu leƙa bayan kabad tukuna." Muna jawo kabad ɗin sai ga wayar da ta taso daga rauta, ɓera ya gwaguye ta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Abin ya yi mini ciwo, don na san yadda ake shan wuya kafin a sami kuɗin nan.

Saboda haka kafin maganar saye, sai a gano inda layin ya yanke. In wayar hannu na shiga intanet ta Wi-Fi ɗin rautar gidan, to layin kamfani lafiyarsa ƙalau, matsalar tana tsakanin rauta da kwamfuta. In kuwa kowa ya ɗauke, dubi akwatin faiba, wato wanda wayar gilashin kamfanin intanet ke shiga. Jar fitila a wurin da aka rubuta LOS na nufin hasken da ke biyo wayar gilashin bai iso ba, kuma babu abin da za ka sayo a kasuwa ya gyara wannan, sai dai ka kira kamfanin. Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin unguwa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta rarrafe a Legas kwana da kwanaki.

Sai ka zagaya bayan kwamfuta. Ramin da ake soka wayar yana da 'yan fitilu ƙanana. In ba sa ci, zare wayar ka mayar har ka ji ta yi ƙas, sannan ka sauya mata rami a bayan rauta, tun da yawancinsu huɗu gare su. In suna ci amma babu intanet, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig. Lambar da ta fara da 169.254 alama ce cewa kwamfutar ta nemi adireshi a wurin rauta ba ta samu ba. Kashe rautar, ka ba ta minti guda, ka kunna. In kuma ka rubuta ping 8.8.8.8 ya amsa amma shafuka sun ƙi buɗewa, gyaran DNS ne, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, ko kwabo ba zai ci maka ba.

To, a ce duk an yi wannan, saye ya zama dole. Waya ita ce farkon abin zargi, kuma ita ta fi sauƙin kuɗi. A kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko ta Alaba za a nuna maka nau'o'in wayar, Cat5e da Cat6, wani ma ya ciro Cat7 ko Cat8 yana cewa, "Oga, wannan ita ce ta zamani." Cat5e tana ɗaukar gudun gigabit 1, wato megabit 1000, har tsawon mita 100. Cat6 tana kai gigabit 10, amma a tazarar da ba ta wuce kamar mita 55 ba. Layin da kamfanoni ke jawowa gidaje da wuya ya cika ko ta farkon, don haka Cat7 da Cat8 a gida asarar kuɗi ce. Ni Cat6 nake saya in wayar za ta bi bango ko rufi, saboda ta fi kauri da juriya. In mita biyu ce tsakanin tebur da rauta, Cat5e ta wadatar.

Abin da ya fi lambar da ke jikin wayar muhimmanci shi ne abin da ke cikinta. Akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai kuma wadda ake kira CCA, wato alminiyam ne aka shafe shi da jan ƙarfe. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba, tana kuma aiki ranar farko, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma saurin karyewa gare ta in an lanƙwasa, kuma danshin Legas ba ya raga mata. Ka ce wa mai shago ya yanko ɗan guntu, ka kankare silin da reza. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Sannan a cikin wayar akwai sili takwas. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake bukata, gigabit kuwa sai duk takwas ɗin. Shi ya sa wayar da aka matse kanta da ganganci za ta yi aiki amma gudun ya maƙale a 100. In za a yanka maka a matse kai a gabanka, ka sa a ɗora ta a na'urar gwaji ka ga fitilu takwas sun ci bi da bi.

In sabuwar waya ba ta tada fitilun ba, mai yiwuwa ramin kwamfutar ne ya ƙone. Da damina wannan ba baƙon abu ba ne, tsawa ko kawo wuta da ƙarfi kan bi waya su kashe ramin su bar sauran kwamfutar da rai. A nan zaɓi biyu ne. Akwai ɗan adafta da ake sokawa a USB, ɗaya gefen kuma ya karɓi wayar intanet. Ba sai an buɗe kwamfuta ba, kuma gobe zai yi maka amfani a laftaf. Sai dai ka karanta kwalin: mai 10/100 daban, mai 10/100/1000 daban, lambobin gudun megabit ne. Na biyun ka ɗauka, ka soka shi a ramin USB 3.0, wanda galibi shuɗi ne, domin USB 2.0 iyakarsa megabit 480. Ka nemi a gwada shi a shagon a kan Windows irin naka, saboda in yana bukatar a sauko masa da manhaja, da wane intanet za ka sauko da ita a gida?

Ɗaya zaɓin shi ne katin PCIe da ake dasawa a cikin kwamfutar. Ya fi zama daram, yaro ba zai fizge shi ba. Ga kwamfutar da ke aiki daga safe har dare, shi na fi so. Amma yawancin tokumbo na ofis da ake sayarwa a titin Otigba na Computer Village sirara ne, dogon ƙarfen katin ba ya shiga. Ka tabbata akwai gajeren ƙarfe a kwalin.

Wasu za su ce a bar waya, a sayi ɗan Wi-Fi na USB a huta. Yana fid da mutum kunya na kwana biyu. Amma a gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowa da rautarsa, ga bangon bulo, zangon Wi-Fi na 2.4 ya cika maƙil, na 5 kuma ba ya ratsa bango sosai. Wanda ya saba da kebul zai ji bambancin ranar da yake tura kuɗi.

Rauta ita ce ta ƙarshe. Kada ka saye ta sai ka ga ramukanta duk sun mutu, ko tana kashe kanta tana tashi, kuma ko a nan fara gwada wata cajar mai ƙarfi iri ɗaya, don sau da yawa ita ce ke gajiya. In kamfanin faiba ne ya ba ka akwatin, kada ka sayo madadinsa a kasuwa, don sai sun yi masa rajista a layinsu zai yi aiki.

Shi Alhaji, da aka karɓi rautar aka ba shi canji, waya mita goma ta jan ƙarfe muka sayo, da bututun roba da muka zura ta ciki saboda ɓeraye, da ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12 da ke riƙe rauta tsakanin ɗauke wuta da tada janareta.