Wata uku ina amfani da na'urar faɗaɗa Wi-Fi: abin da ta gyara da wanda ta kasa

Rautarmu, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, a falo take, kusa da ƙofar shigowa, domin ta nan aka shigo da wayar intanet. A falo komai lafiya lau. Amma ɗakin da nake aiki yana can ƙuryar gida, bango uku ne tsakaninsa da rautar, duk na bulo da siminti. Da na zauna a teburi sai sigina ta koma sanda ɗaya, kiran bidiyo ya riƙa daskarewa, muryar abokin magana tana tsinkewa. Da abin ya ishe ni na sayi na'urar faɗaɗa Wi-Fi, wadda masu sayarwa ke kira ekstenda.

Haɗa ta ba wuya. Na soka ta a soket kusa da rauta, na danna maɓallin WPS na rautar, wanda ke haɗa na'urori ba tare da rubuta kalmar sirri ba, na danna nata, kafin minti biyu fitilarta ta daina ƙiftawa. Sabon suna ya fito a jerin Wi-Fi na wayata, irin namu na da, an ƙara masa EXT a ƙarshe.

Daga nan na kai ta ɗakin aikin, tunda can matsalar take. Sigina ta cika fal a waya, na yi murna, amma da na buɗe bidiyo sai ya ci gaba da juyawa kamar da. Kwana biyu raina a ɓace, har na fara tunanin mayar da ita. Ashe wurin da na ajiye ta ne bai dace ba. Ita wannan na'ura ba ta ƙirƙirar intanet, karɓa take daga rauta ta sake watsawa. In abin da ya iso gare ta mai rauni ne, shi ɗin za ta miƙa maka. Sandunan da ke cika a waya ƙarfin haɗin wayar da ekstenda kawai suke nunawa, ba su san halin da ake ciki tsakanin ekstenda da rauta ba. Wannan shi ne abin da nake so duk mai shirin saye ya riƙe, domin a nan ake yawan yanke mata hukunci ba da haƙƙinta ba.

Na dawo da ita baranda ta cikin gida, kusan rabin hanya, inda bango ɗaya ne kawai ya raba ta da rauta. A ranar na yi taro na awa guda ta bidiyo, bai katse ko sau ɗaya ba.

Sai dai saurin bai kai na falo ba, kuma ba zai kai ba. Ekstenda mai zango ɗaya, wato mai aiki a mita ɗaya tak, da rediyo guda take saurare kuma take aikawa, don haka kusan rabin saurin ke tafiya a hanya. Tawa mai zango biyu ce, 2.4 GHz da 5 GHz, shi ya sa asarar ta ragu. Zangon 5 ya fi gudu amma bango na cin ƙarfinsa, shi kuwa 2.4 ya fi ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, har na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana yi masa katsalandan. Na saita ekstendar tana magana da rauta a 5 GHz, na ga bambanci a fili. Kwamfutar teburi kuma na haɗa ta da kebul ta kafar da ke ƙasan na'urar, can ne na fi samun natsuwa.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne waya ba ta saurin sauya sheƙa. Sai in dawo falo, ina zaune dab da rauta, amma wayar na maƙale da ekstenda, sai na kashe Wi-Fi na sake kunnawa. Ekstendar kuma tana cinye soket ɗin gefenta saboda faɗin jikinta.

Kafin ka saya, tsaya kusa da rautarka ka gwada sauri. In a nan ma intanet ɗin na jan ƙafa, matsalar daga kamfani ce ko tsarin da ka biya, ekstenda ba za ta tsinana maka komai ba. In kuma gidan bene ne mai ɗakuna da yawa, tsarin mesh, wato na'urori da dama da ake bazawa a gida suna aiki tare, ya fi dacewa, domin na'urorinsa suna ɗaya suke amfani da shi, su ke miƙa wa juna wayarka kana tafiya. Ni ɗaki ɗaya ne matsalata, kuma yanzu a cikinsa nake aiki tun safe har yamma.