Manhajar duba dala ta kuɓutar da ni sau ɗaya, amma na hana yaran shago taɓa ta

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma duk ɗan kasuwar nan ya san baƙinmu na Chadi da Nijar da Kamaru ba kullum suke zuwa da naira ba. Wani sefa, wani dala. A da, in aka miƙo mini dala sai na tura yaro Wapa, wurin 'yan canji, an duba kafin a ɗaure kaya. Ƙanena ne ya saka mini manhajar nan da za ka ɗora kyamarar waya a kan takardar kuɗi, sai ka ga zane ya fito a jikin hoton takardar: da'ira nan, kibiya can, ana nuna maka inda za ka duba. In ka juya takardar, zanen ya bi ta.

Wata Laraba bayan la'asar wani tsohon abokin cinikina ya iso daga Chadi. Ya zaɓi kaya, muka yi lissafi, ya zaro dala 'yan ɗari-ɗari guda goma sha takwas. Sha biyar bulu ne, wato sabon bugu, uku farare, tsohon bugu. Bulu ɗin ba su ba ni wahala ba. Tun da suka fito a 2013 kowa ya san shuɗin zirin nan da aka saƙa a cikin takardar, wanda in ka karkata ta ƙararrawa ke komawa lamba 100. Manhajar ta ƙara nuna mini wata ƙararrawar da ke cikin kurtun tawada, mai sauyawa daga ruwan tagulla zuwa kore. Wallahi shekarun nan duk ban taɓa lura da ita ba.

Sai farare. Na goga musu biron gwaji, wanda ke yin baƙi a kan jabun takarda, duka ukun ba su yi baƙi ba. Na murza, na ji kaushin takarda daidai. Har na ja aljihun tebur zan zuba, sai na ce bari dai in ɗora waya. Da'ira ta fito a farin filin da ke hannun dama, da umarnin in ɗaga wa haske. Na fito bakin shago. Ta farko ga Franklin, mutumin da hotonsa ke kan dala ɗari, a ɓoye cikin takarda, mai sanƙo da faɗin fuska, kamar na tsakiya. Ta biyu haka. Ta uku kuwa wani mutum na gani mai doguwar fuska da gemu. Gabana ya faɗi. Kibiya ta kai ni kan siririn zaren da ke tsaye, na ƙura ido: maimakon USA 100, USA FIVE aka rubuta.

Dala biyar ce aka wanke tas aka buga ɗari a kanta, mai gemun kuma Lincoln ne, wanda hotonsa ke kan dala biyar. Kuɗin Amurka duk girmansu ɗaya, takardarsu ɗaya ta auduga da lilin, shi kuma biron gwajin ba abin da yake ganewa sai sitacin da ke cikin takardar rubutu, shi ya sa ya bar ta ta wuce. Saboda irin wannan wankin ne ma aka sauya 'yar biyar a 2008, aka cire fuskar da ke ɓoye aka sa lamba 5.

Na ce, “Alhaji, zo ka gani da idonka.” Ya karɓa ya ɗaga, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya yi salati. Ya ce, “Malam, a hannun wanda na yarda da shi na karɓo ta.” Na san shi, ban yi masa zargin komai ba. Muka rage turmi, ya tafi. A daren nan har ƙanena na kira na yi masa godiya.

Sai da na kwanta wani abu ya dawo mini. Lokacin da na ɗora waya a kan jabun nan, manhajar ta zagaye ta da koren layi ta rubuta 100, daidai yadda ta yi wa na kirki. Washegari na buɗe hoton dala ɗari a wayar yarona na ɗora tawa a kai. Koren layi ya fito, da'irori suka jeru. Hoto ne fa a kan gilashi! Ashe fasali kawai take ganewa, hukunci na idonka ne. Da na tambayi yaron me koren yake nufi, ba ko jinkiri ya ce, “Mai kyau ce, maigida.” Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Gargaɗin cewa ba ta tantance jabu yana can ƙasa da ƙananan haruffa, da Turanci, inda babu mai zuwa. Me ya hana su sa shi a gaba, ko su zaɓi wani launin da ba kore ba?

Ga shi cikin shagunanmu akwai duhu. In an ɗauke wuta sai zanen ya dinga rawa, da'ira ta sauka a kan hanci maimakon kafaɗa. Takardar da ta sha ninki a lalita kuwa sai ka danne ta da littafi kafin ta gane ta. Minti goma waya ta ɗau zafi, caji na zuba. Sefa, wadda ta fi dala shigowa shagona, ba ta san ta ba sam.

Ban goge ta ba, amma ta tsaya a wayata ni kaɗai. Na sayi ƙaramar fitilar gwaji, wadda zaren ɗari ke yin ruwan hoda a ƙarƙashinta, na biyar kuma shuɗi. Farar dala ko guda ɗaya ce, har yanzu Wapa take zuwa kafin kaya su bar shago.